Sassaƙen Maɗaci a Kasuwar Wuse: Amfaninsa, Haɗarinsa da Abin da Doka ta Tanada

ABUJA: Duk wanda ya ratsa wajen masu sayar da magungunan gargajiya a kasuwar Wuse, da ke shiyya ta 5 a Babban Birnin Tarayya, da wuya ya rasa ganin wani sassaƙe mai toka-toka daga waje, ja daga ciki, an tara shi tare da saiwoyi da ganyaye da ƙulle-ƙullen gari. Wannan shi ne ɓawon maɗaci, ɗaya daga cikin tsofaffin magungunan ƙasar Hausa, wanda har gobe ake jiƙa shi a sha saboda zazzaɓi da ciwon ciki. Tafiya kaɗan daga kasuwar, a shiyya ta 7, nan ne hedkwatar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, take. Tsakanin rumfar mai sassaƙe da ofishin wannan hukuma akwai tambayoyi uku waɗanda ya wajaba ga duk ɗan kasuwar da ke son zuba jari a wannan sana'a ya amsa su: shin abin da yake sayarwa maɗaci ne na gaskiya, nawa ne gwargwadon da ba ya cutarwa, kuma daga ina za a ci gaba da samun ɓawon idan itatuwan suka ƙare?

Iccen da sunansa

Maɗaci babban icce ne da kan kai tsawon mita 30, yana kuma fitowa a dazuzzukan da suka miƙe tun daga Senegal har zuwa Sudan da arewacin Uganda, musamman a bakin rafuka da fadamu. Hausawa sun raɗa masa suna ne daga ɗacin ɓawonsa. Masana tsirrai suna kiran sa Khaya senegalensis, sunan da aka samo daga harshen Wolof na ƙasar Senegal. A zamanin mulkin mallaka an shuka shi jeri-jeri a gefen tituna saboda inuwa, shi ya sa ake ganin manya-manyan maɗatai a tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Kaduna, haka kuma a Bamako da Wagadugu.

Ban da magani, iccen yana da daraja a wajen masassaƙa da kafintoci. Da shi ake sassaƙa turmi da kwalekwale, ana kuma yanka katakonsa a yi kujeru da ƙofofi da bodin manyan motoci. Fulani makiyaya kan sare rassansa a ƙarshen rani su ba shanu ganyen, lokacin da ciyawa ta ƙone. Wannan yawan amfani shi ne ya sa iccen ya yi farin jini, shi ne kuma ya jawo masa matsin da yake ciki yanzu.

Yadda aka saba amfani da shi

Masu maganin gargajiya sun fi amfani da ɓawon. Ana jiƙa shi a ruwa ya kwana, ko a dafa shi, ko a shanya a daka. Ana shan jiƙon saboda zazzaɓi, da ciwon ciki, da tsutsar ciki, da shawara. Ana wanke gyambo da ƙuraje da ruwansa. Makiyaya na ɗura wa shanu da tumaki saboda tsutsa da ciwon hanta, masu dawaki da raƙuma kuma na wanke musu miki da shi. Likitan nan ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a wani littafi da ya fito a 1916, sa'an nan a 1937 ya wallafa babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, inda ya rubuta irin waɗannan hanyoyi na amfani da maɗaci.

Sai dai akwai wasu amfanoni biyu da aka rubuta game da ɓawon waɗanda ya kamata su sa mai sayarwa ya yi hattara. A wasu sassan Afirka ta Yamma ana zuba dakakken ɓawon a ruwa domin a bugar da kifi a kama, ana kuma amfani da shi wajen zubar da ciki. Abin da zai iya bugar da kifi, ya kuma taɓa mahaifa, ko shakka babu yana da ƙarfi a jikin ɗan Adam, kuma ƙarfin nan ba ya bambance mai lafiya da mai rauni.

Abin da bincike ya gano

Turawa sun daɗe da sa ido a kan wannan ɓawo. Faransawa sun yi masa laƙabi da kwinin ɗin Senegal, domin sun ga mutanen ƙasar na shan sa saboda zazzaɓi. A 1849 wani masanin harhaɗa magunguna a Paris, Eugène Caventou, ya tace sinadarin da ke sa shi ɗaci. Mahaifinsa, Joseph Caventou, shi ne tare da abokin aikinsa Pelletier suka tace kwinin daga ɓawon wani icce na Kudancin Amurka a 1820. An yi fatan maɗaci zai maye gurbin kwinin mai tsada, amma hakan bai yiwu ba, domin ɗacinsu ne ya zo ɗaya, sinadaransu kuwa dabam-dabam ne. Babu kwinin a cikin maɗaci.

A shekarun 1960 zuwa farkon 1970 masana kimiyya a Jami'ar Ibadan suka yi aiki mai zurfi a kan sinadaran maɗaci da danginsa, waɗanda ake kira limonoyid, irin jinsin da ake samu a dogon yaro. Daga baya gwaje-gwajen da aka yi a ɗakunan bincike a Sudan da Nijeriya da wasu ƙasashe sun nuna cewa wasu daga cikin waɗannan sinadarai suna hana ƙwayar zazzaɓin cizon sauro girma a cikin kwalbar gwaji, ko da yake ƙarfinsu bai kai na magungunan asibiti ba. Har ila yau an gwada ɓawon a kan tsutsar cikin tumaki, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma an gwada shi a kan ƙwayar cutar sammore a jikin beraye, an kuma ga alamun tasiri. A 2013 Hukumar Lafiya ta Afirka ta Yamma, wadda a lokacin hedkwatarta take a Bobo Dioulasso, ta sanya maɗaci cikin kundinta na tsirran magani.

Abin lura a nan shi ne, gwaji a kwalba ko a jikin bera mataki ne na farko kawai. Kafin a ce magani yana warkar da cuta a jikin mutum, sai an gwada shi a kan marasa lafiya masu yawa, a ƙarƙashin kulawar likitoci, an kuma kwatanta shi da maganin da ake da shi. Maɗaci bai bi ta wannan mataki ba har a amince da shi a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro. Jiƙon na iya sa zafin jiki ya sauka alhali ƙwayar cutar na nan cikin jini tana hayayyafa. Ga ƙaramin yaro, jinkirin kwana biyu ko uku kan iya kai shi ga suma da ƙarancin jini. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, kamar yadda rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna, kuma tun wajen 2005 ƙasar ta bar kulorokwin ta koma ga haɗin magunguna masu sinadarin atemisinin. Shi kansa atemisinin daga tsiro ya fito, wata ciyawa ta ƙasar Sin 'yar'uwar tazargade, wadda malama Tu Youyou da abokan aikinta suka tace a 1972, aikin da ya sa ta sami kyautar Nobel a 2015. Abin da ya mai da wannan ciyawa maganin duniya shi ne awo da gwaji.

Inda haɗarin yake

Haɗari na farko shi ne rashin gwargwado. Ƙarfin jiƙo ya danganta da shekarun iccen, da lokacin da aka sassaƙe shi, da yawan ruwan da aka zuba, da tsawon lokacin da ya jiƙa. Kofi guda na yau na iya ninka na jiya ƙarfi ba tare da mai sha ya sani ba. Ga shi kuma mutane da yawa sun ɗauka cewa iyakar ɗacin magani iyakar ingancinsa, saboda haka sukan ƙara sassaƙe su kuma yi makonni suna sha. A 2003 masu bincike a Jami'ar Ilorin suka wallafa sakamakon gwajin da ya nuna canje-canje a ƙodar berayen da aka riƙa ba su tataccen ɓawon a kai a kai. Wasu gwaje-gwajen da aka yi a Nijeriya bayan nan sun nuna irin waɗannan alamu a hanta idan an daɗe ana bayarwa ko an yawaita. Saboda haka mai ciki, da mai shayarwa, da ƙananan yara, da mai ciwon ƙoda ko hanta, bai kamata su sha ba. Mai shan maganin ciwon sukari kuma yana bukatar shawarar likita, domin an ga ɓawon yana rage sukarin jini a jikin dabbobin gwaji, kuma haɗa biyun na iya sa sukarin ya faɗi fiye da kima.

Haɗari na biyu shi ne ruɗanin suna. Akwai wani tsiro mai yaɗo da Hausawa ke kira maɗacin ƙasa, wasu kuma su ce duman dutse, wanda ake amfani da saiwarsa saboda ciwon ciki da saran maciji. Ba shi da dangantaka da iccen maɗaci ko kaɗan. Shi ɗan gidan Aristolochia ne, jinsin da aka san yana ɗauke da wani sinadari mai lalata ƙoda. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, mata fiye da 100 da suka sha wani haɗin rage ƙiba sun gamu da mummunan ciwon ƙoda, bayan da aka sanya wani ɗan wannan jinsi a madadin wani tsiron dabam saboda kamancin sunayensu a harshen Sinanci. Da yawa daga cikinsu sun koma ga wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma sun kamu da ciwon daji a hanyar fitsari. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin waɗannan tsirrai cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon. Ɗan kasuwar da ya sari gari a buhu bisa suna kawai, bai ga ɓawon da idonsa ba, ba shi da hanyar sanin abin da aka daka masa.

Haɗari na uku yana wajen shanya da ajiya. Ɓawon da aka ɗure a buhu bai gama bushewa ba yakan yi funfuna, wasu nau'o'in funfuna kuma suna fitar da guba mai cin hanta wadda tafasawa ba ta kashe ta. Wanda aka shanya a gefen titi yakan kwashi ƙura da hayaƙin motoci. Wanda aka ajiye kusa da maganin ƙwari ko fetur yakan sha warinsu.

Abin da doka ta ce

An kafa NAFDAC da doka mai lamba 15 ta 1993. Duk maganin gargajiya da aka ɗura a kwalba ko aka ƙunsa a kwali domin sayarwa ga jama'a, sai an kai shi gaban hukumar. Matakin farko shi ne sanya maganin cikin jeri, bayan an duba wurin da ake haɗa shi an kuma gwada shi domin a tabbatar ba ya da guba. Lambar da ake bayarwa a wannan mataki tana ƙarewa da harafin L, tana kuma aiki na tsawon shekara biyu kafin a sabunta. Wannan lamba shaida ce cewa an duba lafiyar abin, amma ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkarwa, shi ya sa ake bukatar a rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. Cikakkiyar rajista kuwa sai an gabatar da sakamakon gwaji a kan marasa lafiya.

Bugu da ƙari, talla ma sai da iznin hukumar. Dokar Abinci da Magunguna ta 1974 ta hana tallata wa jama'a magani da sunan yana warkar da wasu cututtuka da aka jera, ciki har da ciwon daji da ciwon sukari da hawan jini. Hausawa sun ce magori wasa kanka da kanka, amma kirarin da ake yi da lasifika a tasha, idan aka buga shi a takardar kwalba, yana iya jawo a kwashe kaya a rufe masana'anta.

Darasin Niprisan

Misalin yadda maganin gargajiya ke zama hajar zamani yana nan cikin Abuja. Cibiyar Binciken Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, wato NIPRD, da ke Idu, a ƙarƙashin shugabancin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗi na amosanin jini daga hannun wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, bisa yarjejeniya a rubuce. Haɗin ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani icce ɗan'uwan madobiya. Cibiyar ta daidaita awonsa, ta gwada shi a kan dabbobi da marasa lafiya, ta sa masa suna Niprisan, ta kuma sami takardar mallakar fasaha a Amurka a 1998. A 2002 aka ba kamfanin Xechem lasisin sarrafa shi, a watan Yuli na 2006 kuma aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan. Amma a 2008 uwar kamfanin a Amurka ta durƙushe saboda bashi, a 2009 aka janye lasisin, maganin ya yi wuyar samu ga waɗanda suka dogara da shi. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker.

Wannan labari ya nuna abu biyu. Na farko, sanin da ke hannun masu maganin gargajiya yana iya zama dukiya mai takarda idan aka bi shi da awo da gwaji, aka kuma rubuta haƙƙin mai shi tun da wuri. Na biyu, ingancin magani kaɗai ba ya riƙe masana'anta, sai da isasshen jari da tsayayyar hanyar samun kayan haɗi.

Makomar iccen

Abincin da ganye ke haɗawa yana gangarawa zuwa saiwa ne ta cikin ɓawo. Idan aka sassaƙe icce aka zagaye shi, an yanke wannan hanya ke nan, saiwa ta mutu, iccen ya bushe a tsaye. Da yawa daga maɗatan da ke gefen tituna a biranen Arewa suna ɗauke da tabon gatari har iyakar inda hannu ke kaiwa. Binciken da aka yi a Jamhuriyar Benin cikin shekarun 2000 ya nuna cewa maɗaci na cikin itatuwan da ɓawonsu ke sake tohowa idan an ɗebi ɗan siriri aka bar sauran, amma kuma yawan sare rassa da sassaƙa yana rage 'ya'yan da iccen ke yi. Shuka shi a gandu ma tana da nata wahalar, domin irin ba ya daɗewa yake lalacewa, akwai kuma wata tsutsa da ke huda kan dashen ta hana shi miƙewa. Duk da haka an yi nasarar kafa manyan gandayensa a arewacin Ostireliya saboda katako.

Tun 1998 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sanya maɗaci cikin jerin itatuwan da ke fuskantar barazana. A watan Nuwamba na 2022, a taron da aka yi a Panama, ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, sun sanya maɗatan Afirka a jeri na biyu, matakin ya kuma fara aiki a watan Fabrairu na 2023. Ma'anar wannan ita ce, fitar da gungume ko yankakken katako zuwa waje sai da takardar izni daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Matakin ya shafi katako ne, bai haɗa da ɓawo ba, amma 'yan kasuwa na da misalai biyu da za su duba. Madobiya, wadda aka yi ta jigilar gungumenta daga Taraba da maƙwabta zuwa ƙasar Sin, ta shiga wannan jeri a 2017, a 2018 kuma aka dakatar da Nijeriya daga cinikinta. Haka nan wani icce na kan duwatsu mai suna Prunus africana, wanda ke fitowa a Kamaru da tsaunin Mambila, ana kuma sayar da ɓawonsa ga kamfanonin Turai saboda ciwon mafitsara na dattawa, ya shiga jerin a 1995, a 2007 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da sayen na Kamaru na wasu shekaru saboda an yi wa itatuwan sassaƙar kisa. A duka biyun, waɗanda suka yi gaggawar kwasa su ne suka rufe wa kowa kasuwa.

Abin da ya rage ga mai jari

Ga wanda ke son ya ɗaga wannan sana'a daga tabarma zuwa kwalba, hanyar a fili take, ko da yake tana cin kuɗi da lokaci. Ya sayi ɓawo ɗanyensa ko busasshe amma ba gari ba, ya kai samfur wurin masana tsirrai a NIPRD ko sashen harhaɗa magunguna na wata jami'a a tabbatar masa da jinsinsa. Ya ƙulla ciniki da masu sassaƙar da ya sani, waɗanda ke ɗibar gefe guda su bar icce ya warke na wasu shekaru kafin su koma masa, ya kuma guji ɓawon itatuwan gefen titi. Ya shanya a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa, ya rubuta ranar da kowane buhu ya shigo da inda ya fito, domin idan matsala ta taso a san wanda za a janye. Ya tsayar da awo guda, ya rubuta shi a jikin kwalba tare da iyakar kwanakin sha da jerin waɗanda bai kamata su sha ba. Idan kuma yana da fili, ya shuka nasa, domin dashen da aka yi bana sai bayan shekaru masu yawa zai ba da ɓawo.

Shi kuma mai rumfa a kasuwar Wuse, wanda ba shi da niyyar kafa masana'anta, akwai abin da zai yi tun yau ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Ya tambayi mai saye wa za a ba, ya hana mai ciki da jariri, idan kuma yaro ne ke zazzaɓi ya tura iyayen a yi masa gwajin jini a ranar.